Wadda Ta Zana Guzar Marnbina

Shekara talatin da huɗu Noelene Kubank ta yi tana tuƙa gireda a ƙaramar hukumar Marnbina, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta yabi aikin wani. In tana tafiya a mota ta ji gargada, sai ta ja tsaki ta faɗi sunan wanda ya gyara wurin, ta haɗa da na ubansa. Mutanen gari ba sa ƙaunarta sosai, amma in ruwa ya cinye hanya ƙofarta suke bugawa.

Ubanta, Hedley Treloar, mai kafa shingen waya ne a gonakin tumaki. Uwarta ta tattara kayanta ta bi wani mai sausayar tumaki zuwa Adelaide tun Noelene na shekara shida, don haka a bayan akori-kurar ubanta ta girma, tana miƙa masa ƙusa da filaya. Hedley ba mai magana ba ne. In ya kafa turaku ɗari, sai ya tsugunna a na farko ya runtse ido ɗaya, in ya hango ko da guda ya leƙo daga layi sai ya tumɓuke shi ya sake. Wannan ita ce makarantar da ta fi zama a kanta. Ta boko kuwa tana shekara sha huɗu ta bar musu abarsu.

Tana da ashirin ta auri Col Kubank, direban giredar hukuma, mutum mai fara'a da son giya da son taimakon da ba a tambaye shi ba. Taimakon ne ya ja masa. A shekarar 1983 ya hau hasumiyar injin iska na rijiyar wani makwabci don ya gyara masa, ƙarfe ya karye da shi, ya faɗo ta baya. Daga ranar ƙafafunsa ba su ƙara motsi ba.

Gidan da suke ciki na hukuma ne, kuma na direban gireda ne. Ba direba, ba gida. Noelene ta sa takalmin aikin Col ta tafi wurin ogan ma'aikata, wani Mista Haddrick, ta ce a ba ta aikin mijinta.

Haddrick ya yi dariya har da buga tebur.

"Noelene, gireda fa ba keken ɗinki ba ce."

"Ni ma ban iya ɗinki ba," in ji ta. "Wa ka samu da zai zo nan ya zauna?"

Bai samu kowa ba, ita ma ta sani. Ya ce to, nan da wata uku injiniya zai zo daga birni, in ta iya fitar da mil ɗaya na hanya mai doro a tsakiya yadda ruwa zai gangara gefe, aiki nata ne. Ya faɗa ne don ta fita masa daga ofis.

Akwai wani faƙo yamma da gari, tafiyar rabin awa, fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ko ciyawa ba ta fitowa. Can ta kai giredar. Kullum da sassafe sai ta ciccibi Col ta kwantar da shi a kan katifa a bayan akori-kura, ta kafa masa laima, ta hau inji. Shi kuma yana kwance yana kwarara ihu.

"Ɗaga wuƙar, Noel! Ɗaga! Kabari kike haƙa mini?"

"Ka ci gaba da surutu ka gani!"

Sati goma sha ɗaya tana wannan. Ta yi da'ira, ta yi kwana, ta yi baya, ta ja dogon layi ta lanƙwasa shi, ta koyi fitar da lambatu a gefe. Da injiniya ya zo, ya auna mil ɗinta ya sake aunawa, ya tambayi Haddrick a ina ya samo wannan mutumin. Haddrick bai ƙara yi mata dariya ba har ya bar aiki. Col ya yi shekara tara a keken guragu sannan ya rasu. Ba su haihu ba. Faƙon kuwa ba ta sake taka shi ba, don ba abin da ya kai ta. Sai dai ƙasar can ba ta mantuwa, abin da wuƙar gireda ta karta a kanta yana nan yadda aka bar shi.

Ta ajiye aiki tana da shekara sittin. Ta koma kiwon kaji shida da shan shayi a baranda tare da ƙawarta guda ɗaya a duniya, Anti Merle, wadda ta yi aikin asibitin gari shekaru da yawa, kuma kakanninta ne masu ƙasar tun kafin Bature ya san akwai ta.

Wata rana da hantsi suna zaune a barandar sai ga Graeme ya faka mota a karkace ya fito yana haki. Graeme ƙanin Col ne, shi ke da mashaya ɗaya tilo a garin, kuma kansila ne. Ya taɓa kiwon jiminai suka mutu. Ya taɓa sayo raƙuma huɗu don masu yawon buɗe ido, raƙuman suka ɓalle suka shiga daji, masu yawon kuma ba su zo ba.

"Noel, kakarmu ta yanke saƙa! Duba nan."

Ya miƙa mata waya. Wai wani zauna-gari-banza ne a wata ƙasa mai sanyi, wanda ba shi da aiki sai leƙa duniya ta taswirar tauraron ɗan'adam, ya haɗa abubuwan mamaki goma da ya gano: jirgin ruwa a tsakiyar hamada, tafki ja kamar jini, tsauni mai fuskar mutum, da sauran tarkace. Na bakwai a jerin shi ne faƙon Marnbina. Daga sama, layukan sun haɗu sun ba da siffar ƙatuwar guza, mai zagayayyen ciki, da ƙafa biyar, da wutsiya mai tsawon kusan mil guda. Mutum dubu ɗari biyar sun kalla.

Noelene ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo, fuskarta na ƙara yamutsewa.

"Kai, abin kunya," ta ce. "Merle, dubi cikin nan. Satin farko ne wannan. Da'ira ce wai, ta fito kamar ƙwan da aka taka. Yanzu duk duniya ta ga wannan ƙazantar?"

"Wace ƙazanta?" in ji Graeme. "Cewa suke aikin mutanen wata duniya ne. Wasu sun ce ya shekara dubu biyar."

"Graeme, kai ne ka riƙa kawo mini durom ɗin man gas a wurin nan. Sau biyu ka zubar da rabi."

Graeme ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Na sani. Amma ki rufa mana asiri, matar yaya. Garin nan mutuwa yake. Makaranta saura yara tara. Ke dai ki yi shiru kawai, shiru ai ba ƙarya ba ne."

"Tashi ka gyara fakin ɗinka," in ji ta. "Ka tare wa kajina hanya."

Kafin wata guda baƙi sun fara zuwa. Manyan motoci masu tayoyi kamar na tarakta, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasa ba sai ranar. Wasu da ƙananan jirage masu ɗaukar hoto suna ta kuka a sama kamar rina. Wasu mata sanye da fararen kaya sun zauna a tsakiyar cikin guzar sun rufe ido, wai suna jan ƙarfi daga ƙasa, ƙudaje na shiga musu hanci. Wanda ya tsaya a faƙon ba ya ganin komai sai 'yan kunyoyi kamar na gonar da aka yi watsi da ita, don haka sai ka ga mutum ya yi tafiyar kwana biyu, ya tsaya a kan abin da ya zo gani, ya zaro waya yana kallonsa a ciki. Graeme ya canza wa mashayarsa suna, ya buga riguna masu hoton guza, har gasasshen naman da yake sayarwa shekara ashirin ya zama naman Guza Mai Tsarki. Hanyar yamma, wadda Noelene ta yi rabin rayuwarta tana lallaɓawa, ta koma kamar haƙarƙarin karen da ya yi jinya.

Babban baƙin nan shi ne wani Dokta Fenwick Ashby, dogo mai farin gemu da hular kaboyi sabuwa fil, har da sauran alamar kanti a jikinta. Yana da masu bibiyarsa da yawa a intanet, ya kuma rubuta cewa wutsiyar guzar na nuni daidai da inda wani tauraro ke fitowa. Daga baya aka ji cewa likitan ƙafa ne, mai yanke wa tsofaffi farce a Melbourne.

Shi ne ya je ya sami Anti Merle a gida, ya cire hula ya dafe ƙirji, ya ce yana roƙon ta buɗe masa sirrin da kakanninta suka bari game da guzar.

"Ɗana," in ji Merle, "muna da labarai a ƙasar nan da suka girmi ƙasarku. Akwai na tsaunin can, akwai na rijiyar dutse. Shekara saba'in ina nan ba wanda ya taɓa tambayata ko ɗaya. Yau ka zo da hularka a hannu kana tambayata inda Noelene ta koyi kwana da gireda."

Dokta ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya fahimci wani abu mai zurfi. Washegari ya gaya wa mabiyansa cewa dattijuwar ta ƙi magana, wanda ke nuna sirrin ya fi yadda ake zato girma.

Aka kira taro a zauren gari ranar wata Asabar da rana, don a roƙi gwamnati ta killace wurin a matsayin kayan tarihi. Zaure ya cika. Dokta ya yi awa guda yana haska hotuna a bango yana jan layi da jan alƙalami. Da ya ce ko akwai mai tambaya, Noelene ta miƙe daga kujerar baya.

"Ba tambaya ba ce. Ni na yi shi. A shekarar tamanin da uku, da giredar hukuma. Cikin nan da'ira nake koyo. Ƙafafun nan biyar kwana ce da baya. Wutsiyar kuma ranar da birki ya ƙi ne, na tafi har sai da inji ya mutu don kansa."

Baƙi suka fashe da dariya. Dokta ya ɗaga hannu yana murmushi irin na mai lallashin mara lafiya.

"Misis Kubank, duk inda aka sami irin wannan abu, sai an sami wani a gari da zai ce shi ya yi. Mun saba. Amma daidaiton layukan nan ya fi ƙarfin injin wancan zamani, balle a ce mace ɗaya, ita kaɗai."

"Daidaito?" in ji Noelene. "Malam, ka je a duba maka ido. Ba layi ɗaya a wurin nan da ubana ba zai sa ni in sake ba."

Aka sake dariya. Ita ba baƙin ne suka dame ta ba, wanda bai sani ba ai bai sani ba. 'Yan gari ta bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga matar gidan waya, wadda ta riƙa kai musu abinci faƙon. Ga tsoffin da suka yi caca a kan ba za ta iya ba. Aƙalla mutum goma sha biyar a zauren sun ga abin da idonsu. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Graeme kuwa ya duƙufa yana gyara wayar lasifika da ba abin da ya same ta.

Merle ce kaɗai ta ce, "Gaskiya ta faɗa." Wani daga cikin baƙi ya ce, "Allah sarki, tsofaffi." Noelene ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ko buga ƙofa ba.

Bayan sati biyu Dokta ya shirya babban zagaye, mota tara, za su shiga har kan guzar su kafa na'urorin awo. Da safen Noelene ta je sayen burodi ta tarar da su a gaban mashaya suna ɗaure kaya. Ta dubi arewa, ta ga hadarin da ke haɗuwa a can, ta dubi tururuwa na kwasar ƙwai suna hawa bangon shago.

"Kar ku hau faƙon nan yau," ta ce. "Ruwa na zuwa. In ya jiƙa, sama kamar siminti ne, ƙasa kamar kunu."

Dokta ya nuna mata wayarsa. "Tauraron ɗan'adam ya ce ba ruwa sai jibi."

"To, ku gaishe shi."

Ƙarfe sha ɗaya ruwa ya sauka, na rabin awa kawai. Ƙarfe ɗaya Graeme ya iso ƙofarta, laka har gwiwa. Mota tara sun nutse har ƙofa. Kowa ya yi ta taka totur yana ƙara binne kansa. Akwai wata mata mai ciwon sukari a cikinsu, maganinta na masauki. Direban hukuma na yanzu ya tafi Port Augusta bikin 'yarsa, ya tafi da makullin giredar a aljihu.

"Noel, don girman Allah."

"Ku kira mutanen wata duniya mana. Ba wurinsu ba ne?"

"Noel, matar nan ta fara rawar jiki."

Ta shiga ɗaki ta buɗe gwangwanin shayi, ta ɗauko makullin da ta yanka wa kanta tun shekara ashirin da suka wuce, wanda hukuma ba ta san da shi ba. Ta tsaya a asibiti aka ba ta allurar matar, ta je garejin hukuma ta hau inji. Gwiwoyinta sun yi ƙara wajen hawa, amma hannuwanta ba su manta komai ba.

Ba ta shiga lakar kai tsaye ba. Ta bi gefen faƙon har inda ta san akwai tsakuwa a ƙasa, ta sauke wuƙa ta share lakar sama, ta fitar da hanya miƙaƙƙiya zuwa inda suke. Hanyar ta ratsa wuyan guzar ta raba shi biyu. Kan kuwa ba ita ta ɓata shi ba, tayoyin mota tara sun riga sun dama shi.

Ta miƙa allurar, sannan ta jefa wa Dokta sarƙa daga sama.

"Shiga ƙarƙashin motarka ka maƙala."

"Ni? Ba wani wanda zai..."

"Ni mace ɗaya ce, ni kaɗai. Abin ya fi ƙarfina. Shiga."

Ya shiga rub da ciki. Ya maƙala a inda ba daidai ba, ta sa shi ya sake. Ya fito ba a gane gemu ba a gane hula. Haka ta jawo su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ba ta ce wa kowa sannu ba. Matar mai ciwon sukari ta zo ta kama hannunta tana kuka tana godiya, Noelene ta ce mata nan gaba ta riƙa yawo da maganinta kamar mai hankali.

Kwana huɗu bayan haka Dokta ya saki bidiyo daga Melbourne. Ya ce gwamnati ta yi hayar wata tsohuwa ta rusa guzar da gangan don a ɓoye gaskiya, ga hoton giredar a kan wuyan a matsayin shaida. Bai ambaci sarƙa ba. Wasiƙun zagi suka fara zuwa wa Noelene daga ƙasashen da ba ta san sunansu ba. Lokacin sanyi ne, ta riƙa hura murhu da su.

Merle ta tambaye ta wata rana ko ba ta ji ciwo ba, ganin wurin da ita da Col suka sha wahala ya zama haka. Noelene ta juya cokali a kofi.

"Da yana nan da dariya ta kashe shi," ta ce. "Miƙo sukari."

Kafin shekara ta zagayo an gano wani abin mamakin a wata hamadar Asiya, jama'a suka kwasa suka koma can. Graeme ya mayar wa mashayarsa tsohon sunanta, rigunan guza kuma da su ake goge tebur. Hukuma ta ɗauko wani kamfani daga birni ya gyara hanyar yamma da inji mai bin umarnin tauraron ɗan'adam. Ruwan farko da aka yi ya kwanta a tsakiyar hanyar kwana shida.

A ƙarshen shekarar kansiloli suka ga ya kamata su wanke kansu. Suka turo Graeme da takarda, wai an amince a sa wa hanyar yamma sunan Noelene Kubank, za a yi ɗan biki da yanka kyalle. Ta karanta takardar a tsaye a bakin ƙofa, ta ninke ta ta mayar masa a aljihun rigarsa.

"Sunana a kan hanyar da kwaɗi ke haihuwa a tsakiyarta? Ku fara gyara ta tukuna."

Ba su gyara ba, ba su kuma sa sunan ba. Tana nan da kajinta, yanzu sun zama huɗu, in kuma za ta yamma sai ta zagaya ta tsohuwar hanyar shanu.